Kwalbar da Anka Ce ta Gunya Ce

Shekara uku cikin Kailu na ɗaurewa, kuma a zatonshi ba wanda ya sani sai matarshi Habsa. Ita ma ɗin ba gaya mata ya yi ba, gani ta yi. Shi kan yi kwana biyar, wani zubin shida, bai zagaya ba. Da sassahe sai ya ɗauki buta ya nuhi bayan gari da hanzari kamar mai abin yi, hantsi ya ɗaga ya komo da butar cike yadda ya tahi da ita, huska a murtuke. Ranar da Habsa ta ga haka, ko gishiri ne ya ƙare a gidan ba ta faɗi sai gobe.

A Filinge anka yi wannan, zamanin Nasara, shekara biyu kahin ƙuri'ar i ko a'a kan zama ƙarƙashin Faransi. Kailu manomi ne, gonarshi ta hatsi tana gabas da gari cikin jigawa. Dattijo ne irin na da, waɗanda ba su cin abinci a kasuwa, ba su dariya har a ga dasashi. Shina da ƴan tumaki, da goɗiya guda mai suna Gunya wadda shike ji da ita hiye da rigarshi ta Salla.

Ba abin da bai sha ba. Ya sha hilasko, ya murɗe mashi hanji har ya yi zaton ranar ce ta zo, bayan sati ciki ya koma yadda shike. Ya sha jiƙon tsamiya, ya sha kanwa, ya sha wani baƙin gari da wanzami ya ba shi, wanda bai yi mashi komi ba sai baƙanta haƙora. Daminar da ta gabata abin ya kai shi ƙasa. Ana tsakar noma ya kwanta kwana ashirin da ciki kamar ganga, maƙwabta sunka taru sunka nome mashi gona. Don Allah sunka yi, amma Kailu bai ji daɗi ba. Mutum ne da ya saba gonarshi ta riga ta kowa hita daga haki, ga shi bana sai da wasu sunka hid da ita.

Da rani Habsa ta matsa mashi har ya tahi gidan likita. Mai duba mutane can wani Salisu ne, anfirme, wato malamin likita, ɗan lakwal, mai karatun boko, da gajeren wando da alƙalami a aljihu. Kailu ya daɗe shina kewaye-kewaye. Ya yi zancen zahi, ya yi zancen tsadar goro, sai da Salisu ya kori masu leƙe daga bakin taga kana ya faɗi abin da ya kawo shi, shi ma da rabin murya. Salisu ya danna cikin nan da can, ya shiga ɗaki ya hito da ƴar kwalba. Wani mai ne a ciki, fari tas kamar ruwa, da kauri kamar zuma, ba wari ba ɗanɗano. Ya ce cokali guda kahin kwanciya, kuma a sha ruwa da yawa.

Bayan kwana biyu anka ga Kailu a kasuwa shina gaida mutane tun kahin su gaishe shi. Wani har ya tambaya ko Gunya ce ta haihu.

Wata guda kwalbar ta yi ta ƙare. Da ya koma, Salisu ya buɗe mashi kabad ya gani da idonshi, ba sauran ko ɗigo. Akwatin magani da ake aikowa daga Yamai ya iso, amma kinin ne a ciki, da auduga, da jan maganin miki. Wancan man, in ji Salisu, wani likita Bature ne ya bari da zai tashi, ba shi cikin abin da ake aiko ma ƙauye. Sai dai farmasi a Yamai, kantin da ake saida magani, su kuwa ba su ba mutum sai da takardar likita. Ya zauna ya rubuta takardar, ya buga mata hatimi, ya ce sunanta ordonas, kada a bari ta jiƙe. Babbar kwalba ya rubuta, wadda za ta kai mutum har kaka. Kailu ya tambayi kuɗinta, Salisu ya faɗi, Kailu ya ce a sake faɗi. Kuɗin rago ne, kuma ba ƙaramin rago ba.

Kailu bai tsaya jan rai ba. Ranar kasuwa ya ja babban ragonshi ya saida, ya ƙulle kuɗin tare da takardar cikin tsumma. Abin da ya rage shi ne wanda zai kai.

Kamyo guda, wato babbar motar kaya, ke zuwa Yamai a sati, kuma direban ya riga ya faɗi cewa wannan tahiyar ita ce ta ƙarshe da ya ɗaukar ma kowa alkawari. Hadari ya fara taruwa a gabas, wasu har sun fara binne. Da ruwa ya sauka hanya ta zama taɓo, a gitta mata itace a hana mota wucewa, wani lokaci sati biyu ba a ga ƙeyar kamyo ba. Kailu ba shi iya tahiya da kanshi. Kuɗin mota wani rabin ragon ne, kuma cikin da ke jikinshi ba na jijjigar yini guda bisa buhuna ba ne. Direban baƙo ne, ba a ba shi kuɗin rago. Cikin duk waɗanda za su hau motar, mutum guda Kailu ya yarda da shi, wato Lawali, mai fataucin fatu, wanda ke zuwa Yamai kamar bayan ɗakinshi.

Sai dai Lawali surukinshi ne. Shi ke auren Muna, kuma Muna ɗiyar Kailu ce ta fari.

Yaran yanzu da ke zama da surukansu bisa tabarma guda suna tsoma hannu cikin akushi guda ba za su gane wannan ba, don haka bari a yi masu bayani. Kailu bai taɓa kiran sunan Muna ba tun ranar da anka raɗa mata shi. "Yarinyar nan" shike cewa. Mijinta kuwa "mutumin gidan can" ne. Shekara tara da auren, Kailu bai ambaci sunan Lawali ba, bai sha ruwa gabanshi ba, bai yi tari mai ƙarhi ba in shina kusa. In sun hangi juna a hanya, Lawali shi kan tuɓe takalmi ya ratse ya durƙusa har tsohon ya wuce. To mutumin da ba ka shan ruwa gabanshi, ta ina za ka fara gaya mashi cewa ba ka zagayawa? Habsa ma ba ta da bakin yin wannan, don kunyar da ke tsakaninta da su biyun ta hi ta Kailu.

Saboda haka Kailu ya tahi wurin Dodo. Dodo taubashinshi ne, ɗan ƙanwar ubanshi, mai tuƙa igiya gindin wata bedi a bakin kasuwa. Duk Filinge shi kaɗai ke iya cire ma Kailu hula ya ɗora bisa kanshi a zauna lahiya. Tun suna yara shike ce mashi bawanshi. Kailu ya zauna, ya jira masu sayen igiya sunka watse, ya fara kewaye-kewayen da ya saba. Dodo ya katse shi, ya ce in zancen ciki ne a taƙaita, don mutumin da ya shekara uku shina kai buta yawo bayan gari shina maido ta cike bai ɓoye ma kowa komi ba. Kailu ya haɗiye wannan da ƙyar, ya aje ƙullin tsumman gabanshi.

"To bawana, mi kake so in ce ma yaron?"

"Ka ce mashi Gunya ce ba ta lahiya. Cikinta ya ɗaure."

"Gunyar da na gani jiya tana zubda kashi kamar ana biyanta?"

"Haka za ka ce."

"Takardar ta likitan mutane ce, da sunanka bisa."

"Sunan mai doki ne. Ka taɓa ganin an rubuta sunan goɗiya a takardar Nasara?"

Dodo ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce daga ɗan yatsan ƙafarshi. Ya ba shi shawara a faɗi gaskiya, ya ce shi zai san yadda zai lulluɓe ta, yaron kuma mai hankali ne. Kailu ya ƙi. Sai Dodo ya ce to, zai kai saƙo yadda anka ba shi, ba ƙari ba ragi, amma Kailu ya sani shi ya ƙulla, ranar kwancewa kada a nemi Dodo.

Lawali ya karɓi ƙullin da hannu biyu. Ya ce ashe Gunya ba ta lahiya ba a gaya mashi ba, ya yi ta jajantawa. Washegari ya hau kamyo bisa fatunshi.

Kwana huɗu da tahiyarsu ruwan fari ya sauka, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Gari duka ya hita shuka. Kailu ma ya hita, amma layi uku ya yi ya nemi inuwa, don ranar kwananshi biyar ke nan. Daga inda shike zaune shina hangen hanyar Yamai. Ranar da kamyo ya kamata ya komo bai komo ba. Wani mai raƙumi ya kawo labari cewa ya baro shi kusa da Baleyara, ƙafafun baya cikin taɓo, fasinja na tura. Tuwon ranar Kailu ko kallonshi bai yi ba.

Sai da hantsin kwana na bakwai anka ji kukan mota. Ba a daɗe ba anka yi sallama a ƙofar gida. Kailu na zaune bisa buzu cikin zaure. Lawali ne, taɓo har gwiwa, ko gidanshi bai biya ba. Kwalbar na hannunshi naɗe cikin rawani, doguwa, kamun hannu biyu. Bayanshi kuwa ga Dodo, da sabuwar igiya a kafaɗa.

Da Kailu ya ga kwalbar sai ya ji kamar an sauke mashi kaya. Da ya ga igiyar bai gane ba tukuna.

Lawali ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can bakin ƙofa, kai a sunkuye. Anka gaisa yadda aka saba, shi shina gaida ƙasa, Kailu shina amsa ma bango. Sannan Lawali ya ba da labarin tahiya, shina duban Dodo kamar da shi shike. Ya ce ya samu farmasin, kuma Allah ya taimaka, don ita ce babbar kwalba ta ƙarshe bisa kanta, sauran sai an kawo daga ƙasar Faransi, ba a san rana ba. Abin da bai faɗi ba, sai daga baya anka ji daga bakin direba, shi ne kuɗin ragon ma bai isa ba, daga aljihunshi ya cika. Ya ce akawun kantin ya tambaye shi wa ke ciwo, ya ce goɗiyar surukinshi ce. Akawun ya yi dariya, ya ce mutanen Kurfai, ƙasar su Filinge, sun hi son dawakinsu da kansu. Amma ya yi mashi bayani da kyau. Ya ce cokali gudan da ke rubuce a takarda na mutum ne. Doki kuwa ba a yi mashi da cokali, ɗaga kai ake a ɗura mashi kwalbar duka lokaci guda. Shi ya sa da saukarshi ya biya ya sayi igiya wurin Baba Dodo.

Kailu ya dubi igiyar, ya dubi Dodo. Dodo na duban rufin zaure.

Sai Kailu ya gaya ma bango cewa an gode, Allah ya yi albarka, a aje kwalbar nan, ai Gunya ta samu sauƙi kwana biyun nan. Lawali ya roƙi izini ya leƙa turke. Gunya na tsaye tana tauna harawa, cikinta tim, don Kailu ba ya barinta da yunwa ko shi bai ci ba. Lawali ya kewaya ta, ya buga cikin da tahin hannu, ya kara kunne. Ya komo ya durƙusa ya ce a gafarce shi, amma cikin nan a kumbure shike, irin wannan ne kan kada doki dare ɗaya ana cewa ya samu sauƙi. Dodo ya ce shi ma tun daga nan ya ga kumburin.

Kailu ya ce to, a bari da la'asar shi zai ba ta da kanshi. Nan ne Lawali ya ɗan ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba a gidan. Ya ce Allah ya kiyashe shi ranar da za a ce Baba na kokawa da doki shi shina gari da ƙafafunshi biyu. In goɗiyar ta yi harbi fa? Da wane ido zai dubi mutane? Gaskiya ya faɗi, don aikin ƙarhi a gidan suruki na mijin ɗiya ne, kuma wanda ya bari tsoho ya yi shi ya sha zagi har wurin jana'izarshi.

Kahin a ce haka maƙwabta sun fara shigowa. Ɗura ma doki magani abin kallo ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe linzami shina da shawarar da zai bayar. Anka kwance Gunya anka kai ta gindin aduwar da ke tsakar gida. Anka yi mata dabaibayi. Dodo ya jefa igiya bisa reshe da gwaninta, anka zarga ta a muƙamuƙin sama, mutum biyu sunka ja har hancinta ya dubi sama. Lawali ya naɗe hannun riga, ya taka turmi, ya cire toshiyar kwalba da haƙori. Habsa na bakin ɗakin girki da muciya a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Kailu ya matsa kusa da Dodo, ya yi magana ta gehen baki.

"Tsai da shi."

"In ce mi?"

"Ka ce komi. Ka ce ranar ba ta da kyau."

"Bawana, ni igiya nike riƙe. Mun yi da kai gindin bedi."

Lawali ya cusa bakin kwalbar ta gehen leɓen Gunya, inda ba haƙora, ya karkata. Kailu na jin yadda man ke tahiya, ƙul, ƙul, ƙul. Kowane ƙul kwana huɗu ne ko biyar na daminarshi. Gunya ta yi hurji, ta watsa wani bisa rigar Lawali, wani ya bi wuyanta ya ɗiga ƙasa. Wani maƙwabci ya ce a shafa mata maƙogwaro, wani ya ce a ƙara ɗaga kan. Lawali ya dakata ta haɗiye, ya ɗaga kwalbar ya duba a rana. Kashi ɗaya cikin uku ya tahi. Ya gyara tsayuwa bisa turmin, ya sake kai ta bakin goɗiyar.

"Lawali."

Ba da ƙarhi Kailu ya faɗi ba, amma duk gidan ya ji. Masu jan igiya sunka saki, kan Gunya ya sauko. Lawali ya tsaya da kwalba a sama, bai waiwayo ba, don bai tabbata daga bakin da ya ji sunan ya hito ba.

"Sauke kwalbar nan. Gunya lahiyarta lau. Ni ne ba ni zagayawa, shekara uku ke nan. Maganin nawa ne."

Ba wanda ya yi motsi sai Gunya da ke lasar leɓe. Lawali ya sauko daga turmin a hankali kamar mai tsoron ya tada wani daga barci. Ya maida toshiya, ya aje kwalbar gindin aduwa, ya tokare ta da dutse kada ta faɗi. Sannan ya ja gehen rawani ya ruhe huska, ya bi ta ƙofar baya inda ake hid da awaki, ya tahi. Takalmanshi kwana uku sunka yi a bakin zaure kahin Muna ta aiko a ɗauka.

Maƙwabta sunka tuna da ayyukan da sunka baro. Ɗaya bayan ɗaya sunka zame, kowa na duban ƙafarshi, ba wanda ya yi dariya sai da ya kai waje. A nan kam an yi ta. Dodo ya tsaya shina naɗe igiyarshi a gwiwar hannu. Kailu ya ce mashi ya hita mashi daga gida, Dodo ya ce zai hita, amma a sani igiyar an riga an biya, ba ya maida kuɗi. Habsa ce ta zo ta ɗauki kwalbar, ta goge ta da bakin zane, ta shige da ita ɗaki.

Da azahar Kailu ya naɗe kwalbar ya kai ma Salisu, don a gaya mashi ko abin da ya shiga bakin doki mutum na iya sha. Labari ya riga shi isa. Salisu ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya riƙe huskarshi har ya gama tace man cikin wata kwalba mai tsabta, sai da ya shiga ɗakin allura anka ji wani abu kamar tari. Da ya hito ya auna abin da ya rage da ido. Ya ce ba zai kai kaka ba in kullum za a sha. Sai dai a sha yau a tsallake gobe, a yawaita ruwa, a sa Habsa ta dage da miyar lalo da ta kuɓewa, a rage tuwon da ya kwana. Ya sake rubuta wata ordonas ya ce a aje ta, ranar da hanya ta buɗe a nemi mai zuwa. Kailu ya tambaya ko ba a jin labarin za a fara aiko da man cikin akwati. Salisu ya ce ya rubuta ma manya sau biyu, amsar da ya samu ita ce ƙarin auduga.

Gunya kuwa kwana biyu ba a iya tsayawa bayanta. Habsa ta ce ba ta taɓa share turke irin na wannan satin ba, kuma da za a bi gaskiya wanda ya yi ƙaryar shi ya kamata ya riƙe tsintsiya.

A kwana na uku Kailu ya hita gona tun da sahe, ya gama shukar da ya bari. Ya yi noman fari da hannunshi, ya yi maimai da hannunshi. Akwai ranakun da cikin ya taɓa shi, musamman ranakun tsallake, amma bai kwanta ba. A hanyar gona mutane sun ɗan yi kwanaki suna tambayarshi jikin Gunya, shi kuwa sai ya ce ta gode, ya wuce. Da sunka ga ba ya tsayawa sunka gaji. Dodo ne kaɗai bai gaji ba, shi kuma dama ba a sa ran ya gaji.

Lawali ne abin ya hi daɗewa a jikinshi. Damina duka bai bi ta unguwar ba. In ya hangi tsohon a kasuwa sai ya shige rumfar da ta hi kusa, ko ta masu saida daddawa ce. Muna ta aiko ma uwarta cewa mutumin ko tuwo aka aje mashi sai ya yi tagumi ya ce shi ne ya ɗura ma doki maganin Baba da hannunshi. Kailu ya ji, ya ce a gaya ma yarinyar nan ta gaya ma mutumin gidan can cewa ba shi da laihi. Saƙon ya tahi ta bakin Dodo, kuma Allah kaɗai ya san yadda ya isa.

Man ya ƙare ana saura kwana goma a fara yankan hatsi. Habsa ta kihe kwalbar bisa cokali tun sahe har azahar, ta samu rabi. Hanya kuwa ta bushe, kamyo ya koma zuwa duk sati.

Ranar wata Laraba da hantsi anka yi sallama. Lawali ne. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa inda ya saba, can bakin ƙofa. Ya gaida ƙasa, Kailu ya amsa ma bango. Anka tambayi gida, anka tambayi gona, anka yi zancen tsuntsayen da ke damun hatsi bana. Zance ya ƙare, Lawali bai tashi ba. Ya daɗe shina zane a ƙasa da yatsa.

"Baba, jibi ina tahiya Yamai."

Kailu ya ɗaga gehen buzu ya jawo takardar, ya tura ta bisa ƙasa iyakar tsawon hannunshi. Lawali ya matso da gwiwa ya ɗauka da hannu biyu, ya sa a aljihu, ya ja da baya.

Kailu ya gaya ma bango cewa tunkiyar nan mai baƙin kunne tana turke, a kai ta kasuwa gobe, kuma kada a saida ma mahautan Filinge, sun san shina da buƙata, za su karya ta.